Saurar da Kakana Ya Hana a Noma

Gona biyu muka gada, amma tun ina yaro ɗaya ake nomawa. Wadda ake nomawa tana can nesa, wajen Gabi, bakin daji. Ɗayar tana nan bayan gari, gefen tsohuwar hanyar fatake da ke gangarowa daga Katsina. Ita muke kira saura. Sabara da kalgo sun cinye ta, Fulani na kwana da shanu a cikinta da rani, mu kuwa mu wuce ta da hauya a kafaɗa mu tafi mu sha rana a hanya. Kakana ne ya ce kar a noma ta. Bai faɗi dalili ba, kuma shi ba mutumin da ake tambaya dalili ba ne.

Na riske shi da rai. Dogon tsoho ne, baƙi, marar magana, kullum shi ke riga ladan zuwa masallaci. Sunansa aka sa mini. Kuma ɗan fashi ne, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba, duk Madarumfa an sani.

Zamanin Nasara aka sa shi cikin samarin da za a kai aikin tilas. An ɗaure su da igiya ɗaya, a hanya ya kwance ya gudu. Gida ba ya komuwa, don gardi, dogaran Nasara, na jiransa, sai ya faɗa daji. Can ya tarar da irinsa: wanda ya guje wa lanho, wato haraji, wanda ya guje wa soja, da wanda dama ɓarawo ne tun a gidan ubansa. In gardin kumandan suka matsa masu su ƙetara ƙasar Ingilishi, in dogaran can suka taso su dawo nan. Abincinsu fatake, masu jakuna da kayan kanwa da goro da tufafi. Da aka daina aikin tilas ya fito, ya yi aure, ya kama noma, ba wanda ya ce masa kanzil.

Mutanen garinmu suna son labarinsa kamar me. Wai ƙarfe ba ya kama shi. Wai yana da layar zana, gardi sun kewaye shi a gindin gawo suka tarar da takalmansa kawai. Wani mushe, malaminmu a lakwal, makarantar boko, ya taɓa tsayar da ni gaban aji ya ce a dube ni, jikan jarumi ne da ya ƙi mulkin Faransa. Ranar kaina ya kumbura. Ni lakwal ban yi nisa ba, kafin jarrabawar sartifika aka koro ni, amma ko da ɗan karatun nan nawa na gane daga baya cewa mai jaki da kayan kanwa ba Bafaranshe ba ne.

Game da saura kuwa, maganar gari ɗaya ce: tulun azurfa ya binne a ciki. Ubana ya sha korar masu zuwa tono. Shi ma bai noma ta ba har ya koma ga Allah.

Sai ga namu 'yan fashin na zamani, masu moto, wato babur, da bindiga. Maƙwabcina na gonar nesa, da rana tsaka suka ɗauke shi yana huɗa. Sai da danginsa suka sayar da shanun noma da filin gida kafin ya dawo, ya dawo ɗin ma ba ya iya riƙe ƙoƙon fura. Daga nan kowa ya janye ƙafa daga wannan yanki. Shekarar farko na bar gonar, muka ci abin da ke rumbu har muka share gindinsa. Da bazara ta sake kamawa ba ni da inda zan jefa iri, ga ɗiya cike da gida.

Na kira wana da ke aikin gwamnati a Yamai. Ya ce, "Ka yi haƙuri, amma wasiyyar kaka ba abin wasa ba ce." Na ce, "To Yaya, aiko mana buhu mu ci gaba da riƙon wasiyya." Sai waya ta fara ba shi wahala, wai ba ya ji na sosai.

Gwaggona, 'yar kakan ta ƙarshe da ta rage, a gidana take zaune. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma kunne na nan. Ba ta kiran sunana, tunda sunan ubanta ne, Babana take ce mini. Ta ji ina wasa gatari a tsakar gida.

"Babana, mi za ka sara?"

"Sabara, Gwaggo."

"Sabarar ina?"

"Kin sani."

"Kar ka noma wurin nan."

"To ki faɗa mini inda zan noma. Saman tafki?"

"Na ce maka kar."

"Wanda ya ce kar ɗin ya mutu da cikinsa a ƙoshe. Ni nawa ɗiyan ba wasiyya suke ci ba."

Ta juya fuska bango.

Na sare, na tone saiwoyi, na ƙone. Masu wucewa kan hanya ba su bar ni na huta ba. "Jikan mai layar zana, an kai ga tulun?" "In ka samu ka tuna da maƙwabta!" Ina dariyar yaƙe, amma gaskiya duk lokacin da gatari ya daki dutse sai gabana ya faɗi. Talaka ba ya rasa irin wannan wauta.

Ruwan shuka ya sauka, na shuka hatsi. Ban taɓa ganin tsiro irin wannan ba, baƙi ƙirin don kore, kara kamar rake. Na ce wa matata kashin shanun Fulani ne na shekara da shekaru. Har yau ma haka nake cewa.

Tsakiyar damina aka yi wani ruwa mai ƙarfi. Da gari ya waye na je duba ɓarna. Ruwan hanya ya bi ta cikin gonar ya tsaga ta, ya yi kwari mai zurfin ƙugu, tunda saiwoyin da ke riƙe ƙasar ni na tone su da hannuna. A jikin gaɓar na hangi wani abu fari. Na ɗauka ƙashin saniya ne, na sa hauya na taɓa. Muƙamuƙin mutum ne, da haƙoransa. Can ƙasa kaɗan ga ƙasusuwan hannu, da munduwar jan ƙarfe tana nan inda mai ita ya sa ta. Na bi kwarin a hankali. Ba shi kaɗai ba ne. A jere suke, kowa kwance kan damansa, fuska gabas, yadda ake kwantar da Musulmi.

Hatsi ya fi ni tsawo ta kowane gefe, ba iska, ba kowa. Na tsaya ina jin ruwa na ɗiga daga ganye. Ban san lokacin da na tuɓe takalma ba.

Na tarar da Gwaggo bakin ɗakinta tana shan hantsi. Na zauna ƙasa. Ita ta fara.

"Ka gan su."

"Na gan su. Su wane ne?"

"Shi ma bai san sunansu ba. Baƙi ne, masu wucewa."

Ta ce tana yarinya ita ke kai masa fura duk bazara in ya je gyaran iyakar saura. Wata rana ta iso bai ji tafiyarta ba, ta same shi tsugune yana gaisuwa. Yana bi ɗaya bayan ɗaya. Mai jan jaki, ina kwana. Mai tsagen Katsinawa, ina kwana. Dattijon da ya roƙi a bar shi ya yi salla, ina kwana. Da ya waigo ya gan ta bai doke ta ba, ya zaunar da ita ya faɗa mata, ya ce ta riƙe.

"Abokansa in sun kashe sai su bar wa kura," in ji ta. "Shi ba ya iyawa. Sai ya komo shi kaɗai, ya wanke su, ya yago ƙyalle cikin kayansu ya yi masu sutura, ya rufe. Abin hannu ko na wuya ba ya cirewa, wai ko dangi za su biyo sawu su gane nasu."

"Sun biyo?"

"Wa zai biyo? Mutum ya tahi fatauci bai komo ba. A jira, a gaji, a raba gado, mata ta yi wani aure."

"To mi ya hana ki faɗa mini tun ina wasa gatari?"

"Na ce maka kar."

"Kar ba magana ba ce, Gwaggo!"

"Da na faɗa, da ka fasa?"

Da ban fasa ba. Ita ma ta sani.

Na je wurin liman. Ya ce maƙabarta ce, a rufe su, a kewaye wurin. Na ce, "Allah gafarta malam, hatsin fa? Ya riga ya fara ciki." Ya shafa gemu, ya ce akwai lalura, kuma akwai alfarmar mamaci, kuma Allah ne masani. Na ce, "Wannan duk na sani. In ci ko kar in ci?" Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Da shi da wasu dattawa muka mai da ƙasa, muka tare bakin ruwan da duwatsu, na yi shingen ƙaya. Munduwar na bar ta inda take. Kafin la'asar labari ya gama gari. Tun daga ranar ban sake jin wani ya yi zancen layar zana a gabana ba. Maƙwabcin nan nawa da aka taɓa ɗaukewa ya tare ni bakin masallaci, ya ce, "Ashe na da da na yanzu duk kanwar ja ce." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma zagina ya yi.

Kaka ta yi. Zangarniya kamar damtsen mutum. Na kira gayya, kowa ya ce yana da uzuri, ni kaɗai na yanke na ɗaure. Rumbun da ya shekara yana kwanan ɓeraye ya cika har baki. Na fitar da zakka, liman ya ce in kai wani gari inda ba a sani ba.

Matata ta ce ita ba za ta sa wannan hatsi a turminta ba. Mace ce mai haƙuri, ta ci wuya da ni ba ta taɓa yaji ba, amma nan ta kafe.

"Malam, ka kai shi kasuwa ka sayar, ka sayo mana na wani. Hatsi ba ya magana."

"Masu saye ina suke kai shi?"

"Ina ruwanmu?"

"Ƙetare suke kaiwa. Ta hanyar da mutanen nan suka biyo. Kakana ya kashe wa mutanen can kaka, ni kuma in aika masu da shi a buhu su tuƙa?"

"To mu ne za mu ci?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba. Ɗiyanka kuwa sun san yunwa."

Haka muka zauna, rumbu cike, tukunya a kife. Muka ci wake har ya ƙare. Ƙanenta mai su a tafki ya riƙa aiko mana da ɗan kifi da garin rogo, har matarsa ta fara magana, aike ya tsaya. Na yi ƙwadago a lambun mutane, abin da ake ba ni ba ya kai mu ko'ina. In na fito da safe ba na son duban wajen rumbun. Yaran unguwa ma sun daina wasa a inuwarsa. Autarmu ta rame, wuyanta ya yi tsawo, ta bar tambayar abinci, wannan kuwa ya fi kukan ciwo.

Wata safiya Gwaggo ta laluba sandarta ta fito tsakar gida, abin da ta jima ba ta yi ba. Ta kira matata.

"Ke 'yar nan, sa a fiddo dami."

"Gwaggo, na can ne fa."

"Na san na can ne. Akwai wani?" Ta juyo wajen da take jin numfashina. "Kai kuma Babana, da kake ta tsarki, ka san da mi aka biya sadakin uwata? Ka san da mi aka gina rijiyar da kake alwala? Turmin zane na mai jan jaki ne. Nonon da ubanka ya sha, da goron mutanen nan aka sayi saniyar. Mun jima muna cin su. Yau ne dai ka ga haƙoransu."

Na hau rumbu na jefo dami.

Matata ta sussuke, ta sheƙe, ta surfa, bakinta na motsi, ban san abin da take karantawa ba. Ba ta yi waƙar daka ba, maƙwabta kuma ba wadda ta leƙo taya ta. Da la'asar ta tuƙa, ta yi miyar kuka ba mai, ta ajiye akushi a tsakar gida. Duk muka kewaye shi muna kallo, har yara, waɗanda a da sai an doke hannunsu.

Gwaggo ta ce a matso mata da shi. Ta lalubi bakin akushin, ta yi bisimilla, ta ce Allah Ya ji ƙan masu ƙasar, ta yanko loma ta kai baki. Ta daɗe tana juya ta kafin ta haɗiye. Ta ƙara ɗaya, ta ce ta ƙoshi, a ba ta ruwa. Ta yi ta wanke hannun nan har ruwan ƙwaryar ya ƙare.

Na sa hannu na ci. Tuwo ne kamar kowane tuwo, har ya fi na gonar nesa laushi. Na so a ce ya yi ɗaci, ko ya tsaya mini a wuya. Bai tsaya ba. Auta ta side yatsunta ta ce a ƙara mata, uwarta ta dube ni, ta tashi ta ɗauko tukunyar.