Zabuwar da Ta Koyi Kukan Kaji

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, don haka kada wani ya ce zai gyara mini rubutu. An gyara mini baki tun ina yaro, ya isa.

A Gyaɗi-Gyaɗi na tashi, gidan haya mai ɗaki tara. Babana lebura ne, daga Sabon Birnin Gobir ya kwaso mu, har da uwarsa, Inna Tumba. In an yi isha'i, mata sun kwashe tuwo, sai ta ja kujerarta bakin murhu, ta tura guntun itace cikin garwashi, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matso." Yaran gidan duk sukan zo, amma rabinsu ba tatsuniya ke kawo su ba. Gobirancinta suke zuwa kwasa, gobe su kwaikwaye ni da shi a makaranta. Ta sani sarai, kuma ko kalma ɗaya ba ta taɓa sauyawa ba.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta zabuwa. Wai wata zabuwa ce ta bar tsohuwar uwarta makauniya a daji, ta tare cikin kaji. Kaji suka yi ta yi wa kukanta dariya, ta daina, ta koyi nasu har ta fi su iyawa. Ran nan wuta ta kama daji. Ta ruga don ta ɗauko uwarta, tana kira da kukan kaji. Tsohuwa ta ƙara shigewa cikin ciyawa. A nan Inna takan ƙanƙance murya ta ce, "Ni ban haihi kaza ba, ɗiyata ba haka taka kuka ba." Wuta ta cinye ta. Inna ta kaɗe zane, ta ce ta aje ta nan, mai kunne shi ɗauka.

Ni ban ɗauka ba. Na wanke bakina tas, har na taɓa gyara mata magana a gaban baƙi. Ta dube ni ta ce, "To, ɗan Kano." Da wannan sunan ta kira ni har ta rasu.

Da na girma na yi shekara bakwai ina tuƙa wani Bafakistane mai sayar da kayan asibiti, gidansa a Tarauni. Shi ya gaya mini a mota cewa yarensu na Punjabi ma kashi-kashi ne. Na ƙauyensu Fotohari ake ce masa, na mutanen kan tudu, 'yan birni suna yi masa dariya. Ya bar shi tun yana makaranta, matarsa kuwa 'yar birni ce, ba ta son jin sa a gidanta.

Ya ɗauko uwarsa daga can, ba ta daɗe ba ta samu shanyewar ɓarin jiki, hankalinta ya rikice. Aka kwantar da ita a asibitin koyarwa. Ta ƙi abinci daga hannun kowa. Ni ke kai kwanuka, ni ke dawowa da su a cike. Yana lallashinta da yaren birni, ita kuwa kallon baƙo take yi masa. Kwana huɗu ke nan, nas ta ce gobe sai an ba ta abinci ta roba ta hanci.

A bakin gadon, gaban matarsa, na ce, "Alhaji, ka yi mata yaren ƙauyenku. Kunyar wa kake ji, uwarka na mutuwa?"

Matar ta watsa mini harara. Shi kuwa ya durƙusa ya fara yaren, yana sarƙewa, yana kuka. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dai ga tsohuwa ta kamo kunnensa da hannunta mai lafiya, ta kira wani suna da ban taɓa jin an kira shi da shi ba, ta buɗe baki ta karɓi cokali.

Sati biyu bayan haka ya sallame ni. Babban mutum ba ya son direban da ya ga hawayensa. Ban roƙe shi ba.

Yanzu a-daidaita-sahu nake ja tsakanin Unguwar Gano da Daurawa, kuma Gobiranci nake yi, duk da ya karye a bakina. Abin da ke ci mini rai, shi uwarsa tana da rai ya juyo, ni kuwa sai da aka binne tawa tsohuwar. Fasinjan da ya yi dariya, nakan taka birki in tambaye shi ko a nan zai sauka.