Kwamin Baftisma da Autar Mai Famfo

Duk unguwa Baba Mai Famfo ake ce masa, har matarsa in ta yi fushi haka take kiransa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da tsohuwar sifana a aljihun baya, shi ya sa in ya zauna a bencin coci sai ya karkace kamar motar da tayarta ɗaya ta sace. Abin alfaharinsa guda ne, wai ruwa bai taɓa gagararsa ba. "Ruwa ba ya son hawa sama," in ji shi, "amma in ka san inda za ka matse shi, har bene zai hau ya gaishe ka."

Asalinsa ɗan maƙera ne. A gidansu ba a tambayar yaro me yake so ya zama. An haife ka gefen zugazugi, nan za ka yi furfura, abin da kakanka ya durƙusa wa shi za ka durƙusa wa. Yana saurayi ya ji wani mai wa'azi yana cewa Allah ba gida-gida yake kiran mutane ba, ɗaya-ɗaya yake kira, kowa kuma da bakinsa zai amsa. Maganar ta hana shi sukuni. Ya je ya tsaya gaban ubansa, ya ce, "Baba, ƙarfe ake lanƙwasawa da guduma, ba zuciya ba."

Tsohon bai ko ɗago ba. Ya ce, "To. Allah ya ba ka ɗa mai baki irin naka."

Gogan naka ya ɗauka albarka ce, har da cewa amin.

A wajen mutanen coci ya koyi karatu da aikin famfo. Matarsa ma shi ya gani ya ce yana so, ita kuma sai da ta wana shi son ranta kafin ta amsa. Da aka gina kwamin baftisma a bayan mumbari, shi ya ja bututun, tun daga ranar kuma ba mai cika shi sai shi. A cocinsu ba a yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya mallaki hankalinsa, Fasto ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya ba da gaskiya, ya amsa da kansa, sannan a tsoma shi.

Haka ya reni 'ya'yansa. 'Ya'ya matan ma duk ya kai su makaranta, maƙwabta na dariya. In an zauna cin abinci yakan buga cokali a kwano ya ce, "Ku karanta da idonku, ku tambaya! Kada ku yarda don ni na ce." Manyan suka karanta, suka tambaya daidai wa daida, suka shiga ruwan babansu ɗaya bayan ɗaya. Auta ce ta ɗauki maganar da gaske. Ta girma, ta samu aiki a kantin magani, tambaya ba ta ƙare ba.

Bana gadon bayan Baba ya ƙi. Sunkuyawa ta zama sai da dabara, dattawan coci suka ce wannan cikon shi ne na ƙarshe, ya huta. Sai ya tare Auta a tsakar gida tana wanke farar rigar aikinta.

"Auta, ranar Lahadi zan cika ruwa. Daga shi ba ni ba ƙari."

"Na ji, Baba."

"Kin ji, ko za ki shiga?"

Ta matse rigar, ta daɗe tana kallon kumfa. "Baba, in Fasto ya tambaye ni, me zan ce? Bakina zai iya cewa e. Nan ciki kuwa shiru nake ji. In yi ƙarya a cikin ruwanka?"

"Wa ya koya miki wannan taurin kan?"

"Wani mutum mai buga cokali a kwano."

Ya ɗauki hularsa sai ofishin Fasto, wani matashi da shi Baba ya cika wa ruwa ranar baftismarsa.

"Fasto, ka tsoma ta kawai. Ni zan riƙe ƙafafun."

Fasto ya ƙunshe dariya. "Baba, in ba ita ta amsa ba, wanka muka yi mata, kuma ba sabulu."

"To ka yi mata wa'azi mai zafi, irin na wuta."

"Kai da wuta aka kawo ka?"

Ya dawo gida yana ƙunƙuni. Matarsa na tsintar shinkafa, ba ta bar shi ya zauna ba. "Baban yara, kai ka buɗe ƙofa ka fito daga gidanku, ka ce ƙofar Allah ba ta da sakata. Yanzu kuma kafinta kake nema?"

"Ke ba kya tsoron inda za ta?"

"Ina tsoro mana. Shi ya sa nake addu'a, ba na ihu."

Ranar Lahadi ya cika kwamin har baki, ya sa hannu ya ji sanyinsa. Auta ta zo, ta zauna a bencin ƙarshe. Duk wanda ya fito daga ruwa yana ɗiga, mata na guɗa, sai Baba ya waiga. Tana nan, jaka a cinya, tana tafa hannu tare da kowa. Aka yi addu'ar rufewa, jama'a suka watse, har Fasto ya tafi canza kaya.

Saura a zubar da ruwa. Ya murɗa kan famfon waje, ko ɗigo. Toshiyar da ke ƙasan kwamin ta cije, sai an shiga an kwance ta. Ya gwada sunkuyawa, bayansa ya ce bai san zancen ba. Yana dafe da bango ya ji takun Auta.

"Matsa, Baba."

Ta tuɓe takalmi, ta taka matakalar ta sauka da kayanta. Ruwa ya kai mata ƙugu. Ta sunkuya tana lalube, kanta daf da gwiwarsa, haɓarta na shafar ruwa. Ba kowa a cocin. Kalmomin da Fasto ke faɗa kuwa ya haddace su tun kafin a haifi Faston. Hannunsa ya tashi da kansa, ya tsaya a saman kanta. Ɗan dannawa kaɗan, ko yatsa biyu sun isa.

"Baba," ta ce, ba ta ɗago ba, "ina ganin hannunka a cikin ruwa."



"Miƙo sifanar," in ji ta.

Hannun ya sauko a hankali, ya zagaya aljihun baya. Ya miƙa mata. Ta murɗa, toshiyar ta saki, kwamin ya fara gurnani. Baba Mai Famfo ya zauna a bakin matakala yana kallon ruwansa na sauka daga ƙugunta zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa idon sawu, gashin kanta a bushe ƙayau.