Maganin farfaɗiya a kan tabarmata

Abokina Arzika ya ɗauki kwalin maganin daga kan tabarma, ya juya shi, ya dube ni. Ya san kwalin, irinsa ƙanensa mai farfaɗiya yake sha.

Na janye hannuna daga kwanon tuwon da muke ci. Tun rasuwar mai ɗakina, shi kaɗai ke zuwa mu ci tuwo kwano ɗaya. Kuma a nan Matankari har yau akwai masu cewa ana ɗaukar ciwon a yawu, ba sa haɗa ƙwarya da mai shi.

Na yi sauri na ce, "Ba abin da kake zato ba ne. Zuciyata ce ke bugawa ba bisa ƙa'ida ba. Likita a Dogon Dutsi ya ce maganin nan yana daidaita ta."

Ya ja kwanon, ya yanki loma daidai inda na ci.

"Ku 'yan lakkol, masu karatun boko, kun cika bayani. Shekara nawa nike shan hura da ludayin ƙanena, mi ya same ni? Ci, tsoho, miya na hucewa."

Na share ido, na mai da hannuna cikin kwanon.

Ku fa, wa kuka taɓa tsoron zai guje ku, sai ya ƙara matsowa?