Mata da Miji a Lita Goma

Shekara ashirin da biyu Uwar Kifi ta yi tana sayar da kifin ado a wani ɗan shago mai warin gansakuka, har yatsunta suka yi yaushi kamar na mai wankau. Ba ta miƙa wa mutum leda sai ta titsiye shi: tankinka lita nawa ne, su wa ke ciki, wa zai riƙa canja ruwa? In amsar ba ta gamshe ta ba, ko birgima za ka yi ba ta sayarwa. "Kifi ba fure ba ne," takan ce, "hali gare shi."

Ranar da ta je cire haƙori ta bar wa ƙanenta, Auta, shagon na awa biyu. Ta dawo da auduga a baki, ta tarar da kwalaben kifin faɗa biyu wayam.

"Wata malamar makaranta ce ta saya wa babanta marar lafiya," in ji Auta yana washe baki. "Ja da shuɗi, a tanki mai lita goma. Na ce da ita mata da miji ne."

"Mata da miji a gidan wa? Duk maza ne, sakarai! Kafin yamma ɗaya zai yagalgala ɗaya!"

"To Yaya, ni na ga shuɗin ya cika yanga."

Ta fizgi 'yar raga da leda, da kwatancen da malamar ta bari don a kai mata famfon iska. Tana tafe tana huci. Kifin take tausayi, haka ta gaya wa kanta. Abin da ke ci mata rai kuwa, an yi ciniki ba ta nan, ba a yi tambaya ko ɗaya ba, kuma rufin shagon bai rufto ba.

A gidan malamar, tankin na kan tebur kusa da gado. Jan ya riga ya tsattsaga wutsiyar shuɗin. Tsohon, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya ƙura musu ido ko ƙiftawa babu.

"Na zo ɗauke ɗaya," ta ce da malamar. "Ƙarya aka shara miki."

Malamar ta sha gabanta. "Na sani, Inna. Na duba a waya tun kafin in saya. Wata bakwai Baba bai ce uffan ba. Ɗazu ya ce 'kama shi'."

"Au, da gangan! Ke da ke koyar da 'ya'yan mutane? Ran kifi ba rai ba ne?"

Uwar Kifi ta ɗaga ragar, sai ta haɗa ido da tsohon. Hannunta ya tsaya. Ta ja tsaki, ta sauke wani hoto daga bango, ta zare gilashinsa ta ɗauraye, ta soka shi a tsakiyar tankin, ta tokare da tsakuwa. Kifayen suka ci gaba da buɗe fiffike suna kai wa juna sara, gilashin kawai suke samu.

Tsohon ya juyo da ƙyar.

"Kin... ɓata... wasa."

Malamar ta toshe baki, hawaye na zubo mata.

"Kalma uku ke nan," in ji Uwar Kifi tana goge hannu a zaninta. "Kada wanda ya taɓa gilashin nan. Gobe ina nan tafe da maganin wutsiya, ya tanadi zaginsa."