Kofin Shayi a Kan Mara

Geertje mai shayi a tashar birnin Groningen ta kasa ɗauke ido daga wata ɗaliba. Doguwa ce, leɓɓanta sun bushe, ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Ko kurɓar shayin da ta saya ba ta yi ba, ta cusa kofin cikin rigar ruwanta tana gasa mararta.

Ƙawar ɗalibar na kan keke, tana ta kaɗa ƙararrawa. "Ke dai akwai raki! Ciwon al'ada ne fa, wa bai yi? Haɗiyi farasitamol mu tafi, za a fara jarrabawa."

A ran Geertje, ƙila a gida ma irin maganar da ake faɗa wa yarinyar ke nan duk wata.

Yarinyar ta hau kekenta tana cije leɓe. A tsaye take tuƙawa, zaman ya gagara.