Gefen da Baffa Ya Goge

Ran nan ina cikin tasi a hanyar unguwar Shisha a nan Makka, direban ya kunna wani tsohon kiɗan jaz na Amurka. Tun kafin mai busar ya yi nisa na gane kiɗan. Irin na kaset ɗin kakana ne.

Kakana mabushin algaita ne a gida, kafin ya tako da ƙafa zuwa Makka. Ya tarar nan ba garin busa ba ne, ya naɗe algaitarsa a tsumma ya kama dako. Da ya tsufa wani mai shago ya ba shi kaset na wani Bature gwanin doguwar baƙar sarewa, wadda mu a gida muke kira algaitar Bature. Lokacin zafi, idan la'asar ta yi sanyi bangon ɗakinmu na unguwar Rusaifa ya fara hucewa, yakan ɗora rikoda a cinya, ya rage murya, ya lumshe ido.

"Ji nan, ya tsaya jan numfashi," yakan ce mini. "Gwani ne, amma da na same shi da na koya masa cika kumatu."

Sau ɗaya tak ya warware tsumman nan. Ya rufe taga, ya sa ni na danna maɓallin ɗauka, ya busa muka ɗauka a ɗaya gefen kaset ɗin. Ƙara ce mai kaifi, ba yankewa. Kakata na bakin ƙofa tana share hawaye.

Bayan rasuwarsa maƙwabta suka dame ta, wai kiɗa a gidan mamaci nauyi ne a kabari. Ta tsorata, ta miƙa wa baffana kaset ɗin. "Ka goge na Baturen ka sa wa'azi. Na mahaifinka ka bar mini."

Baffana haifaffen Makka ne, bai taɓa jin algaita ba. Ya saurari gefe guda, ya ji taushi da daɗi. Ya juya, abu ya huda masa kunne. Shi a ganinsa ubansa dattijo ba zai yi wannan kururuwar ba. Matambayi ba ya ɓata, amma baffa ba ya tambaya, kuma har gobe ina jin haushinsa.

"Khalas, shi ke nan, ya ummi, na goge kafirin," ya ce wa mahaifiyarsa.

Ta kunna, Bature ya cika ɗaki. Ta juya, malami yana bayanin azabar kabari. Sai ta ce, "Ɗan da bai san muryar ubansa ba, laifin wa?"

Yau busar Baturen tana cikin kowace waya, an wanke ta tas. Ta kakana ba ta ko'ina. Algaitar ma ta ɓace wajen ƙaura. Kaset ɗin yana hannuna, kuma nakan jure wa'azin nan har ƙarshe, don baffa ya yi saurin kashe rikoda, bai goge ƙarshen gefen ba. Malami yana yin shiru sai ka ji tsoho yana haki, yana ce mini, "Kashe, kashe, kada maƙwabta su ji."