Bargon da Na Rufa wa Kwamfutar Baba

Wata Laraba ce a watan Afrilu, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare a garin Tawa. Rana ta take, ƙasar tsakar gidanmu ta yi zafin da ko takalmi ba ya hanawa, ni kuwa ina wanke-wanke a gindin bedi. Babanmu, wanda shi ne diraktan makarantarmu, ya fito zai tafi jana'izar wani abokinsa, ya ce mini: "Rabi, na bar odinatar kunne, kar kowa shi taɓa ta." Makarantar ba ta da wuta, shi ya sa tsohuwar kwamfutar, wadda yake kira odinatar, take zaune a ɗakinsa. Kwana uku ya yi yana danna ta da yatsu biyu, yana shigar da sunayen 'yan ajinmu da ranakun haihuwarsu daga takardun da iyaye suka kawo. Washegari da safe za a miƙa jerin a ofishin sufeto, kuma duk wanda sunansa bai shiga ba, babu shi babu jarrabawa.

A gidanmu duk abu mai daraja rufe shi ake yi. Inna tana sa a rufe talabijin da rediyo, har da kwanon Baba, kuma ni ce mai wannan aiki. Da na ga kazarmu ta shiga ɗakin tana leƙen tebur, sai na ɗauko bargon ulu na sanyi, na lulluɓe akwatin kwamfutar, na tura gefunan ciki tsaf kamar mai kwantar da jariri. Na koma wajen 'yar carafke da ƙawata Fatimata, 'yar ƙauyen Affala da ke zaune wajen gwaggonta a unguwarmu, ina jin kaina yarinya mai hankali.

Wajen la'asar na jiyo wani gurnani daga ɗakin. Na shiga na tarar da warin roba, bargon ya ɗau zafi, allon ya koma shuɗi da rubutun da ban iya karantawa ba, sannan ya mutu. Na fizge bargon na cusa ƙarƙashin gado, na zare waya na mayar, na sake zarewa na mayar, ina karanto duk addu'ar da na sani. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba bulala nake tsoro ba, fuskokin 'yan ajinmu nake gani.

Da Baba ya dawo, muka ɗora ta a kan babur, ina riƙe da ita a baya, zuwa shagon Agali mai gyara, wani dogon mutum mai rawani a bakin kasuwa. Ya buɗe ta, ya zaro gashin ulu daga fankar ciki ya ɗaga, ya kira Baba yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. "Mushe, wagga ruhe ta anka yi. Ta waɗanga ramukka taka sheɗa, zahi na kashe ta. Kuma in ta tsaya, a daina hizge waya, shi ka ɓata abin da ke ciki." Ya tambaya ko an ajiye wani kwafi a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa a jiki. Babu. Baba ya dube ni sau ɗaya.

Rabin sunayen kawai Agali ya ceto. Baba ya zauna a shagon ya cike sauran da gaggawa daga tulin takardun haihuwa, muka yi ajiyar zuciya. Abin da ya shige masa shi ne kawun Fatimata ya karɓi tata takardar tun safe, tunda an riga an shigar da ita, ya wuce Affala. Ranar jarrabawa muka jeru a ƙofa, ana kira muna shiga. Na waiwaya na ga Fatimata tsaye ita kaɗai da fensir biyu da rula a hannu, tana jiran sunanta. Baba ya yi ta kai-komo ofis, aka ce sai baɗi. Da damina ta faɗi Fatimata ta koma gida noma da kiwo, ba ta sake dawowa ba.

Yanzu kwamfuta ce abin aikina. Kwamfutata tana zaune a kan katako inda iska ke ratsa ta, ina ajiye komai wuri biyu, ba na kashe ta da ƙarfi, kuma 'ya'yana na yi mini dariya in na hana su ɗora ta a kan katifa. Su sun san abin da a lokacinmu ko manya ba su sani ba. Na ci jarrabawar nan, na wuce, amma har yau ban samu bakin gaya wa Fatimata cewa ni ce ba.